Agogon Da Ya Narke: Me Ya Sa Kowa Da Abin Da Yake Gani?

Tambaya: Wani malamin ƙaramar sakandare a wani ƙauye da ke ƙasar Birnin Kudu ya rubuto cewa an haɗa masa darasin zane-zane saboda ƙarancin malamai, alhali shi Hausa ya karanta. Ya nuna wa ɗalibansa wani hoto a waya, na agoguna da suka yi laushi suna reto, sai aji ya kaure da musu. Wani ya ce shanya ce, wata ta ce tashin duniya ne, wani ya ce abin da ke kwance a tsakiya mushen raƙumi ne, wani kuma ya rantse aikin aljanu ne. Daga baya suka juyo kansa: "Malam, wanne ne daidai?" Yana son ya san ko irin wannan zane yana da ma'ana ɗaya da ake koyarwa, ko masu yin sa lafiyarsu ƙalau, da kuma dalilin da hoto ɗaya yake zama abu daban-daban a idon mutane.

Amsa: Malam, Allah ya ba da ladan ɗawainiya da yara. Ka kwantar da hankalinka, ajinka bai lalace ba. Musun nan da ya kaure, dominsa aka yi hoton. Da yaran duka sun kalla sun faɗi abu ɗaya, da mai zanen ya yi asarar fentinsa.

Hoton na Salvador Dali ne, mutumin ƙasar Sifen, wanda aka haifa a 1904 ya rasu a 1989. Ya zana shi a 1931, yanzu kuma yana rataye a gidan adana zane-zanen zamani na birnin Niyok a Amurka. Waya tana ɓoye girman abu. Ɗan ƙarami ne, santimita 24 a tsaye, 33 a kwance. Ka sake buɗe shi, ka ja shi da yatsa ya ƙara girma. Agoguna uku ne suka yi laushi: ɗaya a reshen busasshiyar bishiya, ɗaya ya zubo daga gefen wani dandamali da ƙuda a kansa, na uku a gadon bayan abin nan da yaronka ya kira mushen raƙumi. Dubi abin da kyau. Yana da ido a rufe da dogayen gashin ido, da wani abu kamar hanci, kuma masana da yawa suna ɗaukarsa fuskar Dali ce da kansa. Akwai agogo na huɗu da bai narke ba, a rufe yake, tururuwa sun yanyame shi. Can baya kuwa teku ne kwance luf, da duwatsu da haske ya doka. Duwatsun na gaske ne, na gaɓar tekun Kataloniya ne inda ya tashi. Mutane sun ta cewa hoton bayani ne a kan ra'ayin Einstein game da lokaci. Shi kuwa da aka tambaye shi, cewa ya yi cuku ya gani yana narkewa. Ko da gaske yake, ko tsokana ce, don mutum ne mai son a yi ta maganarsa, hoton bai ragu da komai ba.

Batun lafiyarsu kuwa, Dali makarantar zane ya yi a Madrid, kuma hannunsa ya faɗa sosai. Wanda hankalinsa ya gushe ba ya zama ya fitar da ƙafar tururuwa ɗaya bayan ɗaya da ɗan siririn buroshi. Irin wannan zane ya samo asali ne daga Yaƙin Duniya na Ɗaya, 1914 zuwa 1918, wanda ya ci miliyoyin samarin Turai. Wani marubuci Bafaranshe, André Breton, ɗalibin likita ne a lokacin, ya yi aiki a asibitin da ake kai sojojin da yaƙi ya taɓa wa ƙwaƙwalwa. Shi da abokansa suka ce hankali da tsari da ƙididdigar da Turai take taƙama da su, su ne suka kai ta wannan mahallaka, don haka bari su nemi gaskiya ta wata ƙofar, wato mafarki da abin da zuciya take ɓoyewa. Sun jingina da koyarwar Sigmund Freud, likitan nan na Ostiriya. A 1924 Breton ya fitar da sanarwar kafa tafiyar a birnin Faris, ita ce ake kira Suriyalizim. Hujjarsu tana da ramuka, ni ma ban saye ta duka ba, amma ba hauka ba ce. Ɓacin rai ne ya sami masu gwaninta.

Yaranka ba su yi wauta ba da suka nemi fassara. Mun tashi ne a cikin al'adar da mafarki yake da fassara: shanu bakwai masu ƙiba da ramammu bakwai suka cinye a mafarkin sarkin Masar, Annabi Yusuf, alaihis salam, ya fassara su da shekarun yalwa da na fari. To amma hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya kasa mafarki uku: bushara daga Allah, da abin baƙanta rai daga Shaiɗan, da kuma abin da mutum yake saƙawa a ransa ya gan shi cikin barci. Waɗannan masu zane a kashi na uku suke kiwo. Irin mafarkin da za ka ga kanka a gonarku amma kuma ajin firamare ne, ga marigayi kakanka yana kiran suna. Ba wanda yake ɗaukar wannan ya kai wa malami. Amma kana farkawa da wani abu a ƙirji da ka kasa ba shi suna, wani lokaci ya wuni tare da kai. Wannan abin suke farauta. Yaran sun ɗauki hoton kacici-kacici ne, wanda mai yin sa yake riƙe da amsa a baki yana jira a ba shi gari. Nan kuwa ko gari nawa ka ba Dali, ba shi da amsar da zai miƙa maka.

Yanzu ga inda gizo yake saƙar, wato tambayarka ta uku. Muna zaton ido yana ɗauko duniya ne ya kai wa ƙwaƙwalwa yadda take. Ba haka ba ne. Wurin da idonka yake gani tar bai fi faɗin farcen babban yatsanka ba idan ka miƙe hannu, sauran duk dishi-dishi ne. Ido yana ta tsalle daga nan zuwa can, kusan sau uku a daƙiƙa, ƙwaƙwalwa kuma tana harhaɗa guntayen, inda ya rage ta cike da abin da ta saba gani. Tun ƙarni na 19 wani masanin Jamus, Hermann von Helmholtz, ya bayyana cewa gani hasashe ne da ƙwaƙwalwa take yi ba da saninmu ba. Duk wanda ya taɓa dawowa daga gona da almuru ya san haka. Ka hango mutum a tsugune a bakin hanya, gabanka ya faɗi, har ka ga kansa ya motsa, ka matso ka tarar kututture ne. Motsin da ka gani ba ƙarya ka yi ba, ƙwaƙwalwarka ce ta riga idonka. Kuma fuska ta fi saurin ƙirƙirowa, domin rayuwar ɗan Adam ta rataya a kan gane fuska da wuri. A 1976 kumbon Viking 1 na Amurka ya ɗauko hoton wani tudu a duniyar Mars, duniya ta ɗauka wai fuskar mutum ce. Da aka sake ɗaukarsa a 2001 da na'ura mai kaifi, sai ga tudu kawai.

Akwai wani ɗan zane da ya fito a wata mujallar barkwanci ta Jamus a 1892, ka neme shi ka nuna wa yara. Ka kalle shi ta nan agwagwa ce, ta can zomo ne, bakin agwagwar shi ne kunnuwan zomon. Layin bai canza ba. Abin lura shi ne ba ka iya ganin su biyun a lokaci ɗaya, sai dai ka yi ta kai da komo. Haka rigar nan da ta karaɗe intanet a 2015, wasu suka rantse fara ce da ruwan zinare, wasu suka ce shuɗiya ce da baƙi, har aka yi ta rigima a cikin gidaje. Rigar shuɗiya ce da baƙi, amma kowace ƙwaƙwalwa ta yi nata zaton game da irin hasken da aka ɗauki hoton a ciki. Idan a kan launin riga aka kasa daidaitawa, ina ga hoton da aka gina shi takanas don ya hana ido zama?

Gina shi kuwa ake yi, da dabaru sanannu. Babbar dabarar ita ce a zana abin da ba zai yiwu ba da matuƙar tsanaki, kamar kyamara ce ta ɗauka. Da Dali ya yi agogunan da dagwalo, da ƙwaƙwalwa ta ce wasa ne ta wuce. Amma ga lambobi, ga hannun agogo, ga inuwa daidai inda ya kamata, sai ido ya ce gaskiya ne, hankali ya ce ƙarya ne, mai kallo ya maƙale a tsakani. Daga nan sai a sauya wa abu ɗabi'arsa, ƙarfe ya yi laushi, dutse ya tashi sama, ko a ɗauke abu daga muhallinsa a ajiye shi inda ba shi da dalili, ko a ɓoye fuska. Wani ɗan Italiya, Giorgio de Chirico, tun kafin 1920 ya gano cewa fili fetal ba kowa, da doguwar inuwa da ba a ga mai ita ba, sun fi dodo tayar da hankali.

Ni dai a cikinsu René Magritte na Beljiyam, 1898 zuwa 1967, ya fi kwanta mini. Dali yana yi maka ihu, Magritte kuwa ba ya ɗaga murya. Ya taɓa aikin zanen talla da na takardar ado ta bango, kuma hannunsa bai bar wannan sauƙin ba. Akwai wani hoto da ya maimaita sau da dama: gida a bakin titi da dare, fitilar titi a kunne, tagogi suna haske, bishiyoyi baƙi ƙirin. Sama da su kuwa sararin samaniya ne na tsakar rana, shuɗi, da fararen gajimare. Mutane da yawa sukan kalle shi su ce yana da kyau, sai bayan ɗan lokaci su ji wani abu ba daidai ba, kafin su gano dare da rana ne a haɗe. Kowane rabi gaskiya ne, haɗuwarsu ce ba ta yiwuwa. An sayar da ɗaya daga cikinsu a 2024 a kan kuɗi sama da dala miliyan 120, ko da yake farashi labarin masu kuɗi ne, ba ma'aunin kyau ba.

Don ka ga dabarar ba ta Turawa kaɗai ba ce, ka ƙaddara wani yaronka ya zana karar shanu ta kasuwar Maigatari ranar Alhamis da hantsi. Ga turaku a kafe, ga igiyoyi a miƙe tsam kamar ana jan su, ga inuwar shanu kwance a ƙasa har da ƙaho. Amma ba sa ko ɗaya, ba dillali, ba mai saye. Bafulatanin da aka taɓa kore wa garke zai ga abu guda. Dattijon da ya ga farin 1973 zai ga wani. Yaron da bai san ko ɗaya ba zai ce shanun ne suka sha layar zana, ya yi dariya. Duk cikinsu ba wanda ya yi kuskure, domin kowa da kayan cikinsa ya cike gurbin da aka bar masa. Masanin tarihin zane Ernst Gombrich ya yi dogon bayani a kan wannan a 1960, cewa mai kallo yana da nasa kason a cikin aikin.

Sai dai kada ka bar yara su tafi da cewa kowace magana daidai ce. Wannan lalaci ne, kuma shi ne ya ɓata sunan irin wannan zane. Fassara tana da nauyi ne gwargwadon yadda mai ita zai iya ɗora yatsa a kan hoton. Yarinyar da ta ce tashin duniya, tambaye ta a ina ta gani. Idan ta nuna busasshiyar bishiya, da rashin mutane, da agogunan da suka daina aiki, da tururuwa da ƙuda da suke taruwa a kan abin da ya ruɓe, to ta yi karatu mai kyau. Mai shanya ma yana da hujja, ga abu a rataye a reshe ya lanƙwashe. Mai mushen raƙumi ya ga wuya da kwanciya, sai ka nuna masa gashin ido ka ji me zai ce. Mai aljanu ne kaɗai bai kalli hoton ba tukuna, tsoronsa ya faɗa. Shi ma kada ka gwale shi, tambaye shi wane wuri ne a hoton ya ba shi tsoron.

Ka kuma bambance musu rashin fahimta iri-iri, ga misali ma a ƙofar gidanku. Zanen shanun da ke jikin duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, waɗanda Baturen masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya yi nazarinsu a shekarun 1950, shanu ne marasa tozo, ba irin waɗanda ake kiwo a yankin yau ba. Muna tsayawa gabansu cikin ɗaurewar kai, amma masu zanen ba su yi nufin rikita kowa ba. Zamani ne ya raba mu da su. Dagi da aska takwas da zayyanar allo kuwa wani fanni ne daban, ado ne na tsari da maimaici, ba wanda yake tsayar da mai babbar riga ya ce ina ma'anar wannan lanƙwasa. Na Dali da Magritte ne aka rufe ƙofar da gangan. Amma idon da ya saba da zayyana ya riga ya iya zama da abin da ba a fassara masa ba, kuma wannan gata ne.

Wanda ya fi kowa nuna haka shi ne Ibrahim El-Salahi na Sudan, haifaffen Umdurman a 1930, ɗan malamin makarantar allo. Ya yi karatun zane a Landan a shekarun 1950, ya koma gida ya baje kolin irin zanen da aka koya masa, mutanensa suka kalla suka wuce. Sai ya duba abin da suke ratayewa a ɗakunansu, ya ga rubutun Larabci ne da ado. Ya fara sa haruffa a zanensa, daga baya ya shiga warware su, yana jan wutsiyar harafi yana buɗe cikinsa, har siffofi suka fara leƙowa daga tsakanin layuka, ba mutum sosai ba, ba harafi sosai ba. A 1975 an tsare shi wata shida a kurkukun Kobar ba shari'a, a can ma ya ci gaba da zane a ɓoye a kan guntayen takardar buhun siminti. A 2013 gidan zane na Tate Modern a Landan ya yi baje kolin aikinsa na tsawon rayuwa. Ka nuna wa yara aikinsa kusa da na Dali, za ka ga wanda suka fi saurin shiga. A nan gida ma akwai Gani Odutokun na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wanda ya rasu a 1995. Yakan kwarara fenti mai ruwa ya bar shi ya bi hanyarsa, sannan ya bi sawu ya fito da abin da ya hango a ciki.

Batun hukuncin zana mai rai, wannan fagen malamai ne, kuma akwai bayani a kansa a littattafan fiƙihu, ka tuntuɓi malaman garinku. Ta fuskar darasi dai ba ka buƙatar zana mutum ko dabba ko ɗaya. Rumbu a kan gajimare, rijiya a tsakiyar ɗaki, kuka mai ƙofa da makulli, duk sun isa.

Abin da za ka yi a aji ba ya cin kuɗi. Da farko ka hana su magana na minti biyu cur, kallo kawai. Wani bincike da aka yi a babban gidan zane na Metropolitan a Niyok, aka buga a 2001, ya nuna cewa a matsakaici kimanin daƙiƙa 27 mutane suke yi a gaban hoto, manyan hotuna ma ke nan. Irin wannan zane kuwa ba ya buɗewa da sauri. Sannan ka kula da tambayar da za ka fara yi. Wani masanin Rasha, Alfred Yarbus, ya auna motsin idon mutane a kan hoto ɗaya, ya nuna cewa hanyar da ido yake bi tana sauyawa gwargwadon tambayar da aka yi wa mai kallo. Idan ka fara da "me yake nufi?" za su daina kallo su shiga neman abin da zai faranta maka rai. Fara da "me kuka gani?" su lissafo har tururuwa. Sai "mene ne ba daidai ba a nan?" Sai "me kuka ji a jikinku?" Ma'ana ta zo a ƙarshe, in ma ta zo.

Daga nan su yi nasu. Shahararren mai zanen Italiya Leonardo da Vinci ya shawarci masu koyon zane su riƙa ƙura wa jirwayen bango ido har su hango tsaunuka da yaƙe-yaƙe a ciki, bangon ajinku bayan damina kuwa na tabbata ba zai rasa jirwaye ba. Max Ernst, Bajamushe, a 1925 ya ɗora takarda a kan tsohon daɓen katako ya goga fensir, ya mai da abin da ya fito dazuzzuka da tsuntsaye. Yaranka su ɗora fallen littafi a kan tabarmar kaba, ko faifai, ko bawon bishiya, su goga gawayi, su juya takardar ta kowane ɓangare har wani abu ya leƙo, sannan su ƙarasa shi da biro. Ko a ɗiga tawadar allo a takarda a ninke ta biyu a buɗe. Da irin wannan ɗigon ne likitan Siwizalan Hermann Rorschach ya haɗa katunansa goma na awon halin mutum a 1921, amma kai kada ka mai da shi awon halin yara, wasa ne na buɗe ido.

Wajen ba da maki, ka raba biyu. Sunan mai zane, ƙasarsa, shekara da sunan tafiyar, waɗannan suna da amsa ɗaya, su ne kuma za a iya tambaya a jarrabawa, sai su haddace. A ɓangaren fassara kuwa, makin yana kan hujja: abubuwa nawa yaro ya nuna a cikin hoton, kuma sun ɗauki maganar da ya ɗora musu ko ba su ɗauka ba. Wanda ya kawo fassarar da ba ka taɓa tunani ba, ya kuma nuna maka wurare uku da suka goya masa baya, ka ba shi cikakken maki ko da ta saɓa da taka.